Akuyar da Ba a Zaginta

Gure, 19 ga Oktoba, 1975

Zuwa ga aminina Malam Barmo, a Damagaram.

Bayan gaisuwa mai yawa da so da yarda, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Kadija da yara da duk mai cin tuwon gidanka. Yaya ƙafar nan taka? An sha ruwa lafiya, an yi Salla lafiya? Allah ya maimaita mana. Ni ma da sauƙi, sai tarin nan da ka sani, da gwiwoyin da suka daina jin maganata.

Barmo, ka riƙe cikinka kada dariya ta kayar da kai: na yi akuya!

Ni Abatcha, da na yi shekara talatin da huɗu ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, ni da ban taɓa riƙe igiyar dabba ba tun ranar da aka kama mu muna ƴan shekara takwas aka kai mu aji, yau ga akuya ɗaure a gindin dogon yaron tsakar gidana, tana kallona ina rubuta maka wannan.

Ga yadda aka yi. Kana tune da Goggo Nene, Bafillatar nan da ke kawo wa marigayiya matata Zinariya nono, har suka ƙulla ƙawance? Rugarsu tana kan hanyar Gamu. Farin da aka yi ya cinye musu shanu ƙaf, awaki bakwai kaɗai suka tsira da su. Tun rasuwar Zinariya, shekara shida ke nan, ba ta sake taka gidan nan ba. Bayan Salla da kwana biyu sai ga ta da sallama. Ta same ni a zaure da kwanon kunun da na kasa shanyewa. Ta dube ni tun daga hula har tafin ƙafa, ta ce, “Kai Babarbare, wa ya shanya ka ya manta bai ɗauke ba?” Ka san tsakaninmu da Fulani ba a fushi. Na ce mata baiwata ce ta gudu daji ta bar ni ba nono. Ta ce bawa dai ni ne, kuma ba ta barin bawanta ya mutu a banza.

Bayan kwana uku ta dawo janye da jar akuya mai farar ɗamara a ciki, sunanta Kyalla, ɗanta mai wata guda yana biye da ita. Ta ce haɓɓanaye ce. Ban sani ba ko kun san abin a birni. Al'adarsu ce: in mutum ya ga ɗan'uwansa ya rasa, sai ya ɗaure masa dabba mace aro. Za ta zauna wurinsa har ta haihu sau uku, nonon nasa, ƴaƴan nasa, sannan ya mayar da uwar ga mai ita. Na ce, “Goggo, cikin bakwai za ki cire guda?” Ta ce ba ni ta ba, Zinariya ta ba, don da tana raye ba za ta bari in koma tsinke ba.

Sai dai ta kafa mini doka uku. Dabbar haɓɓanaye ba a sayar da ita, ba a dukanta, ba a zaginta. Ta ukun ta faɗa har sau biyu tana nuna ni da yatsa. Ta ce ta san bakina, ta sha jiyo shi ta bayan darni ina yi wa ƙawarta faɗa kan gishirin miya. Ba ƙarya ta yi ba kuwa.

Kwana huɗu na farko ko cikin ludayi ban samu ba. Da na kama hantsa sai ta ƙanƙame, ta harbe ƙwaryar, ta juya mini baya. Maganganu suka taru mini a baki kamar yara a ƙofar aji lokacin tashi, doka kuwa ta hana su fita. Goggo ta zo ta tsaya tana kallona, ta yi dariya har da riƙe bango. Ta ce ina zuwa wurin akuya kamar mai duba makarantu ya zo kama laifi. Ta sa na zauna a ƙasa, na ɗumama hannuwana a hammata, na jingina goshina a cikin Kyalla. Ta ce kada in taɓa hantsa sai na ji numfashinta yana shiga yana fita, kuma na ji nawa ya bi sahunsa. “Akuya tana jin abin da ke cikin hannu,” in ji ta. “In kana nan, ta ba ka. In ka tafi jiya ko gobe, ta riƙe abinta.”

Da farko na ɗauka surutun daji ne. To yau da safe na yi yadda ta ce. Na ji ɗumin gashinta a goshina, na ji ƙugin cikinta, na ji kurciya tana kuka a kan dogon yaro, wadda na tabbata ta yi shekaru tana kukanta a nan ban taɓa jin ta ba. Ban san lokacin da hannuna ya fara ba. Barmo, rabin ƙwarya! Na sha shi da ɗuminsa a tsaye, kumfa har gemu, kuma rabon da in ji daɗin wani abu haka na manta.

Ka rubuto ka yi mini tsiyar da za ka yi, na shirya. Ka gaida Kadija, ka ce mata in ta zo Gure akwai mai ba ta nono. Allah ya bar mu tare.

Naka,
Abatcha

Gure, 28 ga Disamba, 1975

Aminina Barmo,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Yaya sanyi, yaya aka ci naman Layya? Na ji Kadija ta yi zazzaɓi, Allah ya ƙara mata sauƙi. Takardarka ta iso, na ga ka naɗa ni Arɗon Gure. Na karɓi sarauta, ka aiko da rawani.

Ina da labari, kuma na ƙagu in ba ka shi. Ka yi haƙuri in ya yi tsawo.

Ranar Laraba Kyalla ta cika mini ƙwarya maƙil, karo na farko. Na miƙe ina taƙama, ƙafata ta sarƙe da igiya, na tafi gaba, nonon nan duka ya bi rairayi. Sai na buɗe baki a kan kaina. Tsohon banza, jaki, makaho, wanda bai taɓa yin abu guda daidai ba, da Hausa da Faransanci, har ina dukan goshina. Ashe Goggo Nene tana tsaye a bakin zaure.

Ba ta yi wasan da ta saba ba. Ta wuce ni ta fara kwance akuyar. Na ce, “Goggo, ai ba ita na zaga ba!” Ta ce a gidan da ake irin wannan zagi nononta zai ƙafe, gara ta tafi da abarta. Sannan ta juyo ta ce, “Shi wannan tsohon da kake zagi, kai ka yi shi? Ko a kasuwa ka sayo shi? Aro aka ba ka shi, kuma Mai shi zai zo karɓa. Akuyata ka riƙe mata baki wata biyu. Na Allah ne ba ka iya riƙe wa?”

Na zauna daɓas a inda nonon ya zube. Barmo, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne Zinariya. Goggo ta bar ni na gama, ta sake ɗaure Kyalla, ta ce doka ta zama huɗu, ta tafi.

Tun ranar nake sauraron muryar nan mai zagina, kuma na gane mai ita. Kana tune da Baturen da ya koyar da mu a Damagaram, wanda muke kira Jan Alƙalami? Wanda in ka samu tara cikin goma, gudan nan da ka rasa zai zagaye da jar tawada ya nuna wa aji? Shi ne. Ya koma ƙasarsu tun muna samari, amma ya bar muryarsa a ƙirjina, ni kuwa na ciyar da ita shekara sittin. Da ita na koyar da yaran mutane. Da ita na ci tuwon Zinariya shekara arba'in ban ce ya yi daɗi ba sau guda. Da ita na reni Ma'azu, ɗan da ya rage mana cikin biyar. Yana aji biyu ya manta ya ce mini “Baba” maimakon “Mushe” da ake kiran malami da Faransanci, na rataya masa ƙashin jakin nan da ake rataya wa wanda ya yi Hausa a aji, ya wuni da shi a wuya. Da ya faɗi jarrabawar sartifika ya kama koyon gyaran mota, ban taɓa tambayarsa ko aikin yana yi masa daɗi ba.

Ka san abin da na ce masa a zaman makokin uwarsa, don kana zaune a gefena. Mota ta lalace masa a hanya, ya iso bayan kwana biyu da binnewa, idanunsa jawur. A gaban jama'a na ce, “Ko jana'izar uwarka ka makara, kamar yadda ka saba makara a komai.” Amma akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ranar da zai tafi, ya tsaya a ƙofar ɗakina ya yi sallama har sau uku. Ina ciki, ina jin sa. Ba fushi ya hana ni amsawa ba. Kunya ce. Ina zaune ina tsine wa kaina, ina jera wa kaina irin mugun uban da nake, har ya gaji ya ɗauki jakarsa. Na shagala da hukunta kaina, ɗana ya fita gari. Shekara shida ina ganin zagin da nake yi wa kaina tuba ne. Ashe shi ne ya hana ni tuban.

Yanzu ga abin da nake yi, kuma yana ci! Kafin muryar ta yi magana akwai alama: zafi a ƙasan maƙogwaro, sai muƙamuƙi ya ɗaure. In na ji haka sai in tsaya in bi numfashina, kamar dai ina jingine da Kyalla. Sai in ce wa Jan Alƙalami, “Ka zo, Mushe? Zauna can, aiki nake.” Ba na korarsa, don in na kore shi ya fi ƙarfi. Ba na kuma yi masa biyayya. Daga nan in faɗa wa kaina abin da nake faɗa wa akuya in ta firgita: sannu, sannu, ba komai. Wani lokaci ya yi nasara, sau da yawa ma. Amma jiya na yi sallar La'asar tun daga kabbara har sallama ina cikinta, ban tafi ko'ina ba.

Ga roƙona. An ce Ma'azu yana wani garejin manyan motoci a Agadas. Ga takarda na haɗo a cikin wannan. Ka taimaka ka je tasha wurin masu kamiyo, motocin kayan nan da ke bin hanyar, wani zai san shi. Sau guda na rubuta ta. Tawada ta ɗiga a layi na uku, hannuna ya kai ga sabuwar takarda, sai na bar ta da ɗigonta. Kai da ka san ni ka san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Allah ya saka maka da alheri. Ina gaida kowa.

Naka,
Abatcha

Gure, 22 ga Fabrairu, 1976

Barmo ɗan'uwana,

Ina gaishe ka, ina gaida Kadija da yara, ina fata duk kuna lafiya. Gaisuwar yau gajera ce, ka yafe ni, don zama ma ya gagare ni.

Ya amsa! Allah ya yi maka albarka, kai da mai kamiyon da ya kai. Layi biyar ne. Ya gaishe ni, ya ce takarda ta same shi, ya ce zai iso Gure ranar Alhamis ta farkon watan gobe, zai yi kwana uku. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Na karanta ta har na haddace, na karanta wa maƙwabcina Ɗan Talata wanzami, na karanta wa Kyalla.

Kwana uku, Barmo. Na san ma'anarsu. Zuwa zai yi ya duba ko tsohon nan ya canja. In ya tarar da wanda ya bari, ba zan sake ganinsa ba, kuma ni da kai mun san ba ni da wata shekara shida ta jira.

Ranar da takardar ta zo na zaga gidan ina ganin aibu ko'ina: bango ya tsage, tabarma ta mutu, ni kaina na koma abin tausayi. Jan Alƙalami ya samu aiki. Na ba shi wuri ya zauna, na share abin da zan iya sharewa, na sayi sabuwar tabarma guda, na bar sauran.

Ina kuma gwaji a kan mutanen unguwa. Shekaranjiya mai ƙosai ta ba ni wanda ya ƙone. Zafin nan ya taso, na bi numfashi, sai na lura da hannunta duk tabon mai, ga hayaƙi ya sa idanunta ruwa. Na ce mata sannu da aiki, na gode. Ta saki baki, ta ce, “Mushe, lafiya kuwa? Ko jikin ne?” Kafin azahar ta aiko a duba ni.

Na tambayi Goggo Nene me zan ce masa in ya sauka. Ta ce, “Babarbare sarkin tsara magana! Ka ɗumama hannunka, ka zauna, ka jira. Ɗan mutum ma haka yake.”

Ka sa ni a addu'a. Tsoro nake ji, murna kuma ta fi tsoron yawa.

Naka,
Abatcha

Gure, 21 ga Maris, 1976

Zuwa ga aminina, abokin ƙuruciyata, Malam Barmo.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Kadija da duk gida. Yaya zafi? Nan ma ya fara. Ma'azu ya ce zai biya ta wurinka kan hanyarsa, amma na san shi, ba zai ba ka labarin yadda ya kamata ba. Saboda haka gyara zama.

Ranar Alhamis tun hantsi Ɗan Talata ya kai ni tasha a kan jakinsa. Na zauna a inuwa har rana ta yi sanyi, mota ba ta zo ba. Aka ce ta lalace a Gidimuni. Ranar Juma'a na koma, sai bayan an sauko daga masallaci ta iso. Na gan shi yana saukowa daga saman kaya. Barmo, furfura a gemun Ma'azu! Ya zo ya durƙusa a gabana, kansa a ƙasa, kafaɗunsa a ɗage kamar mai jiran bulala. Maganar nan ta cewa ya makara ta zo har kan harshena, na ji ɗanɗanonta. Na bi numfashi ɗaya, biyu. Na dubi hannuwansa, baƙaƙe da man mota, duk kaushi, hannuwan mutumin da ya yi aiki. Na ce, “Sannu da hanya. Ka sha wuya.” Ya ɗago ya dube ni kamar an canja masa uba.

Ranar nan na ji ni a sama. Na ce shi ke nan, na ci jarrabawa, na kashe Jan Alƙalami. Wannan taƙamar ce ta kayar da ni.

Washegari da safe ya ga ƙyauren zaure, wanda ya yi shekaru yana rataye da ƙusa guda. Ya aro guduma, ya cire riga, ya kama aiki. Ya yi ta fama har rana ta take. Maƙwabta suka taru suna sa albarka, Ɗan Talata yana cewa ɗa ya yi rana. Ya gama, ya ja da baya yana share zufa, ya waiwayo wajena. Ni kuwa na karkata kai na ce, “Ai ya karkace ta hagu.”

Wallahi ban ga fitowarta ba. Sai da ta fita na ji ta.

Ma'azu ya ajiye guduma a hankali, ya wanke hannu, ya sa riga, ya shiga ya ɗauko jakarsa. Ya ce, “Baba, na gaishe ka,” ya fita. Maƙwabta suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Sai muryar ta taso da ƙarfin da ban taɓa ji ba. Ka gani? Tsohon banza. Wata biyar kana wasa da akuya, ka zaci ka zama mutum. Shiga ɗaki ka rufe, kada wani ya ga fuskarka. Ƙafafuna har sun juya wajen ɗakin. Na san hanyar nan, na taɓa bin ta, na san inda ta kai ni. Na dafa bango, na sa tafin hannu a ƙirji. Zuciyata tana bugawa kamar ganga, maƙogwaro kamar an sa garwashi. Na tsaya ina jin su, ban yi gardama da kowa ba. Da numfashin ya daidaita sai na ce, da ƙarfi, a zaure ni kaɗai, “Sannu Abatcha. Ka yi kuskure. Ɗauki sandarka.”

Shekara guda ke nan ban wuce masallacin unguwa da ƙafata ba, ga Ɗan Talata ya tafi da jaki. Na kama hanyar tasha da tsakar rana. Sau huɗu na zauna a hanya. A na uku na ga duhu-duhu, na ce in mutuwa ce ta same ni ina tafiya.

Na iske an riga an ɗaure jakarsa a saman wani kamiyo da zai tashi bayan azahar. Yana tsugune a inuwar taya. Tasha cike da mutane. Na je gabansa, na saki sanda, na zube gwiwa biyu a rairayi. Na ce, “Ma'azu, a gaban jama'a na kunyata ka ranar makokin uwarka, a gaban jama'a na sake yau. A gaban jama'a nake roƙonka gafara. Ba kai ne karkatacce ba. Idona ne.”

Ya zabura. “Baba! Wace irin magana ce wannan? Tashi, don girman Allah, mutane na kallo!” Na ce su kalla. Ya ce, “Na yafe, wallahi na yafe, ka rufa mini asiri ka tashi.” Na ce to. Na yunƙura, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Na sake yunƙurawa, shiru. Na ce masa, “Durƙusawar ce na iya, tashin ba nawa ba ne.” Sai ya tuntsire da dariya, hawaye na zuba, ni ma haka, masu lodi ma suka kama. Ya daka wa na saman mota tsawa ya jefo masa jakarsa, ya rataya ta a wuya, ya juya baya ya goya ni.

Haka muka ratsa kasuwar Gure, Mushe Abatcha goye a bayan ɗansa, hula a karkace. Yaran da na koyar, waɗanda yanzu masu gemu ne, suna tsaye baki buɗe. Goggo Nene tana fitowa daga kasuwa ta hango mu, ta rafka guɗa, ta ce, “Yau ga Babarbare an yaye shi an sake goyawa!” Na ce mata baiwa ba ta magana in ubangidanta yana kan doki.

A hanya Ma'azu ya ce ba ni da nauyi ko kaɗan, kamar ya goyo damin kara. Can sai ya ce, “Baba, ranar nan ina jin tarinka a cikin ɗaki. Da ka amsa sallama guda, da ban tafi ba.” Maganar ta shige ni kamar mashi. Na bar ta ta yi zafinta, ban zagi kowa ba. Na ce masa na sani, na jingina goshina a ƙeyarsa. Da muka iso gida ya sauke ni, ya tsaya yana duban ƙyauren, ya ce, “Da gaske fa ya karkace. Ginin ne ya zauna.” Zai ɗauko guduma, na ce ya bar shi, yana rufuwa.

Kwana goma sha ɗaya ya yi. Ban ce maka na riƙe bakina duk kwanakin ba. Sau biyu ya suɓuce, amma kafin ya ɗago kai na riga na ce astagfirullah, har ya koma yi mini dariya.

Sai ana gobe zai tafi ya ba ni labarin gidansa. Barmo, ina da jikoki uku! Ashe tun uwarsa na da rai ya yi aure a can, tsoron bakina ya sa ya ɓoye mini. Matarsa sunanta A'i. Babbar yarinyar, Yabawa, shekararta tara, tana lakwal, wai ita ce ta biyu a ajinsu. Ya kafa mini ido, ya ce, “Bahaguwa ce, Baba. Da hagu take rubutu, kuma na hana a dake ta.” Ka san yatsun bahagwai nawa na fasa da rula a rayuwata. Shi ma ya sani, shi ya sa bai ƙifta ido ba. Na ce masa, “Me ta fi son ci?”

Ya ce alkaki.

Za su zo dukansu da babban hutun lakwal, su yi damina a nan. Ta Damagaram za su biyo, ina roƙon ku sauke su kwana guda. Kuma don Allah ka sa Kadija ta nemo alkaki mai kyau, irin na gidan da muke saye muna yara in har yanzu ana yi, a cika kwano a ba su su taho da shi. Rubutu dai Yabawa za ta yi mini shi da hannun da Allah ya ba ta. In kuwa ta miƙa hagun cikin kwanon alkaki, ni tsoho ne, idona ba ya gani sosai.

Ina gaida ku duka da babbar murya. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naka har kullum,
Abatcha